Idan idon babba ya yi ruwan ɗorawa

A cikin duk kayan cikin ɗan Adam da ake turo mini in duba da na'urar sikanin, babu mai ba ni wahala irin fankiriyas. Hanta tana nan a fili ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ƙoda ana samunta ta kwiɓi, mahaifa kuwa da zarar mara ta cika da fitsari sai ta fito sarai. Shi fankiriyas can ƙurya yake kwance, bayan tumbi, gaban ƙashin baya, hanji ya kewaye shi da iska. Ga shi kuma ciwon dajin da ke kama shi yana cikin mafi muni. Alƙaluman 2022 na cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa sun nuna an samu sababbin masu cutar kimanin 511,000 a shekarar, mutum kimanin 467,000 kuma suka rasu da ita. Ka dubi kusancin lambobin nan biyu. Ko a Amurka, inda kayan aiki ba su yi ƙaranci ba, wajen mutum 13 cikin 100 ne ke kaiwa shekara 5 bayan an gano ta.

Ɗaukar hoton ciki shi ne aikina a nan Sakkwato, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai game da cutar nan shi ne ƙofar da take shigo mana ta cikinta, wato ciwon shawara. Mu nan shawara ba baƙuwa ba ce. Zazzaɓin cizon sauro na kawo ta, masu sikila sun san ta tun suna yara, ciwon hanta nau'in B kuma ya yi mana yawa. Saboda sabo, da ido ya canza launi sai a jiƙa saiwa, a hana mutum cin mai, a jira ta wuce. Sau da yawa takan wuce ɗin. Amma akwai shawarar da ba daga jini take ba, ba kuma daga naman hanta ba. Toshewa ce, kuma babu jiƙon da ke buɗe ta. Idan ta zo wa mutumin da ya haura 50, babu zazzaɓi, babu wani ciwo mai tsanani, ga rama, to fankiriyas na cikin abubuwan da ya kamata a fara kawowa a rai.

Tsawonsa wajen santimita 15 ne, a kwance yake a gicciye. Kansa yana zaune cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji ta dama, gangar jikin ta ratsa tsakiya, wutsiyar ta miƙe hagu har ta kai bakin saifa. Aiki biyu yake yi. Mafi yawan namansa ruwan narkar da abinci yake haɗawa, fiye da lita ɗaya a kullum, wanda ke farfasa mai da nama da sitaci. Ruwan yana bi ta wani siririn bututu da ya ratsa tsakiyarsa daga wutsiya zuwa kai, bututun da Johann Wirsung ya bayyana a Padua ta Italiya a 1642. Aiki na biyu na wasu 'yan tarin ƙwayoyi ne da ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na naman ba, waɗanda Paul Langerhans ya gano a 1869 yana ɗalibi a Berlin. Su ke yin insulin mai daidaita sukari a jini. Abin da za a riƙe shi ne: bututun da ke sauko da ruwan maɗaciya daga hanta ta cikin kan fankiriyas yake ratsawa, su haɗu da bututun fankiriyas su zuba a hanji ta baki ɗaya.

Wajen kashi 90 cikin 100 na dajin fankiriyas nau'i ɗaya ne, mai siffar ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bututu. Akwai wani nau'in daban da ke fitowa daga dangin ƙwayoyin nan masu yin insulin, wanda galibi ya fi tafiya a hankali. Shi ne ya kama Steve Jobs na kamfanin Apple, aka gano a 2003 ya rayu har 2011. Ina faɗin haka ne domin na sha jin 'yan boko cikin dangin maras lafiya suna kafa misali da shi, alhali cutar ba ɗaya ba ce.

Shi nau'in da ya fi yawa, farkonsa ɓaci ne a cikin ƙwayar gado da ake kira KRAS. Aikinta shi ne ta ba ƙwayar halitta umarnin ta rabu biyu idan jiki na buƙata, ta kuma yi shiru idan an gama. Idan ta ɓaci sai ta ƙi yin shiru. Ana samun wannan ɓaci a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Shi kaɗai bai isa ya zama daji ba, domin akwai wasu ƙwayoyin gadon masu tsawatarwa, CDKN2A da TP53 da SMAD4, masu tsayar da ƙwayar da ta kauce ko su sa ta mutu. Sai su ma sun lalace ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin nan abin da ke akwai 'yan canje-canje ne a bangon ƙananan bututu, da ba su kai milimita 5 ba, waɗanda babu na'urar hoton da ke ganinsu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins aka buga a 2010 ya ƙiyasta cewa daga ɓacin farko zuwa samuwar dajin kansa akan ɗauki sama da shekara 10, sannan wasu shekarun kafin ya iya watsuwa. Wannan ƙiyasi yana taɓa ni ƙwarai. Muna cewa cutar na da sauri saboda abin da muke gani daga ranar da aka gano ta, alhali ta daɗe tana tafiya a ɓoye, mu ne ba mu da idon ganin farkonta.

Halinsa ma daban ne da na sauran. Idan aka yanka ƙullutun, yawancinsa ba ƙwayoyin daji ba ne, wani nama ne mai tauri irin na tabo da dajin ke sa jiki ya gina masa a kewaye. Wannan naman yana matse ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa maganin da aka ɗura ta jijiya ba ya isa ciki yadda ake so, shi ya sa kuma a hoton CT, wato na babbar na'urar da ke ɗaukar cikin jiki yanki-yanki, wurin ke fitowa da duhu idan sauran fankiriyas ya sha ruwan allurar hoto ya yi haske. Yana kuma son bin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ga su cunkus a bayan fankiriyas. Daga nan ciwon nan yake zuwa, wanda ke farawa a ƙahon zuciya ya huda zuwa baya, ya tsananta idan an kwanta rigingine da dare, ya ɗan lafa idan mutum ya zauna ya duƙa gaba. Masu irin wannan ciwo kusan duk sun sha maganin olsa kafin su iso gare ni. Sannan manyan hanyoyin jinin da ke ciyar da hanji da waɗanda ke kai jini hanta a jikinsa suke manne. Ƙullutu ɗan santimita 3 zai iya naɗe su, kuma hanta na nan kusa, ita ce zangon farko idan ya tashi watsuwa.

Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a ɓangaren kai na fankiriyas suke fitowa, kuma a cikin sharrin akwai ɗan sauƙi, domin na kai yana matse bututun maɗaciya ya tona kansa da shawara. Na gangar jiki da na wutsiya ba su da abin matsewa, sai sun yi nisa ake sani. Idan ruwan maɗaciya ya kasa sauka hanji sai ya koma jini: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, fata ta kama ƙaiƙayi, bayan gida kuma ya rasa launinsa ya koma fari-fari, wani lokaci da maiƙo saboda mai ba ya narkewa. Alamar bayan gidan nan ita ce ta fi rarrabe toshewa da sauran shawara, amma ita ce aka fi rasawa a wajenmu, domin mai amfani da masai na rami ba ya ganin abin da ya fita. Sai an ce masa ya yi a fo ya duba. Idon ma a hasken rana ake dubawa, a ɗaga fatar sama, domin dattawanmu da yawa farin idonsu ya riga ya dafe da ƙura da rana.

Akwai wani dattijo manomin albasa daga wajen Gwadabawa da ɗansa ya kawo mini. Tun kafin ya kwanta na ga damatsansa da ƙwaurinsa duk sun yi fari da sawun farce, tazugen wandonsa kuma sai da aka zagaya shi ya riƙe ƙugu. Ɗan ya ce, "Likita, shawara ta kama Baba, mun yi magani har mun gaji, ta ƙiya." Sun yi jiƙo, wani mai kemis ya yi masa allurar taifot, wani ya ba shi na olsa, watanni suna tafiya, babu wanda ya tambayi launin bayan gidansa.

Na shafa masa jel, na ɗora kan na'ura a gicciye ƙasan ƙahon zuciya. Na'urar sauti take aikawa, mai kaɗawa sau miliyan 3 zuwa 5 a daƙiƙa ɗaya, kunnen mutum kuwa ba ya jin abin da ya wuce 20,000. Sautin ya bugi nama ya dawo, na'ura ta mai da amsa-kuwwar hoto. Ruwa yana barinsa ya wuce, sai ya fito baƙi. Iska kuwa mayar da shi take gaba ɗaya, duk abin da ke bayanta ya ɓace. Da farko abin da na samu ke nan, iskar tumbi ta rufe komai. Na ce, "Baba, a ja numfashi sosai, a riƙe." Hanta ta sauko na leƙa ta gefenta na hagu, ban samu yadda nake so ba. Sai na tashe shi zaune, aka ba shi ruwa wajen rabin lita ya sha, muka ɗan jira kumfar ta kwanta. Tumbin da ya cika da ruwa ya ba sauti hanya. Na nemo jijiyar jinin da ke fitowa daga saifa, domin ita ce alamarmu, fankiriyas a gabanta yake kwance.

A tsoho naman fankiriyas yakan yi haske saboda kitse da ke shiga cikinsa, ramammen mutum kuma ya fi mai teɓa sauƙin dubawa, saboda haka hoton ya fito da kyau. Bututun tsakiya, wanda bai kamata ya wuce milimita 3 ba, na auna shi 6. Babban bututun maɗaciya, da iyakarsa wajen milimita 6 ce ko ɗan sama da haka a tsofaffi, ya kai 16. Ƙananan rassansa a cikin hanta, da ba a ganinsu a mai lafiya, duk sun buɗe. Maɗaciyar ta cika ta yi tam, babu tsakuwa ko ɗaya a ciki. Na bi bututun biyu zuwa ƙasa, duka suka yanke a wuri guda, a jikin wani ƙullutu mai duhu maras tsayayyen baki, wajen santimita 3, a kan fankiriyas. Buɗewar bututu biyu tare alama ce da ba a wasa da ita, ko da ba a ga ƙullutun ba. Ita kuma cikakkiyar maɗaciya maras ciwo a jikin mai shawara, tun 1890 wani likitan fiɗa na Basel a Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya lura cewa da wuya tsakuwa ce sanadinta, domin maɗaciyar da ta daɗe da tsakuwa bangonta ya yi kauri ba ta iya kumbura haka.

Yana goge jel da gefen rigarsa ya ce, "Ɗana, mi kag gani?" Na ce, "Baba, hanyar ruwan maɗaciya ce ta toshe, shi yas sa idanu sunka canza, shi yas sa ƙaiƙayi." Na kawo masa misali da ban ruwan albasa a fadama: in laka ta toshe bakin magudana, ruwa baya yake komawa ya cika duk ƙananan hanyoyi. Ya gyaɗa kai, ya gane tun ban ƙarasa ba. A waje ɗan ya tare ni, murya ƙasa-ƙasa: "Don Allah a gaya min gaskiya, ciwon daji na?" Na ce masa abin da na gani yana iya zama shi, kuma ya fi kama da shi, amma sikanin ba ya yanke wannan hukunci, kada su koma gida, su kai takardar ga likitan da ya turo su a ranar.

Ba kauce wa tambayarsa na yi ba. Tsohon kumburin fankiriyas yana iya dunƙulewa wuri ɗaya ya yi kama da daji. Tarin fuka yana kumbura kaluluwar da ke kewaye da kan fankiriyas, kuma wannan ana warkewa da magani. Tsakuwa na iya maƙalewa a can ƙarshen bututu inda iska ke ɓoye ta. Akwai kuma dajin bakin bututun kansa, wanda tiyatarsa ta fi ta fankiriyas nasara nesa ba kusa ba. Duk waɗannan shawarar toshewa suke kawowa, shi ya sa nake jin zafi idan dangi suka ji an ambaci ƙullutu suka ce a mai da shi gida a jira ikon Allah tun ba a tantance ba. Dattijon nan dai CT ya nuna ƙullutun ya riga ya naɗe babbar jijiyar jinin hanji, ba ya ciruwa. Likitocin fiɗa suka yi masa aikin karkatar da ruwan maɗaciya zuwa hanji ta wata hanya. Ƙaiƙayin ya tafi, ido ya washe, ya koma cin tuwo yana barci. Bai warke ba, amma wanda ya taɓa ganin mai susa dare da rana har jini ya san girman wannan sauƙi.

Ba kullum hoto ke fitowa haka ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Ƙullutun da bai kai santimita 2 ba yakan kuɓuce wa sikanin, alhali shi ne wanda aka fi son kamawa. Wutsiya sau da yawa ba ta ganuwa. Mai ƙiba da mai kumburin ciki, wani lokaci duk dabarar da aka yi ba a ganin fankiriyas ɗinsu. Sakamakon kuma ya dogara ga hannun mai dubawa da haƙurinsa da ingancin na'urarsa, wanda ke da layin mutum hamsin a ƙofa ba zai tsaya ba mutum ruwa ya jira ba. Saboda haka idan aka rubuta a takarda cewa ba a ga fankiriyas da kyau ba saboda iskar hanji, maganar ba ta nufin lafiya lau. Tana nufin ba a gani ba. Na sha ganin an riƙe irin wannan takarda ana cewa ai an yi hoto an ce babu komai, mutum kuwa yana ta ramewa. Wanda ke da shawarar toshewa, ko ciwon ƙahon zuciya mai huda baya tare da rama, ko bututun fankiriyas ya buɗe ba a ga dalili ba, CT na musamman na fankiriyas yake buƙata ko MRI, wato hoton da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, komai kyan sakamakon sikanin. Akwai kuma sikanin da ake zura kansa ta baki zuwa tumbi a dubi fankiriyas daf da daf, har a tsiro allura a ɗebo ɗan nama a gwada. Shi ya fi kowanne ganin ƙananan ƙullutu, sai dai ba kowane gari ake samunsa ba, galibi sai an yi tafiya. Gwajin jini na CA 19-9 ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai: toshewar da ba ta daji ba tana ɗaga shi, kuma mutum 5 zuwa 10 cikin 100 jikinsu ba ya yin sinadarin sam, ko da suna da cutar.

Duk da haka ba na raina na'urata. Ita ce mafi arha, babu tururin da ke cutarwa, ana samunta har a garuruwan da ke wajen birni, kuma tambayar farko mai muhimmanci, shin toshewa ce ko ba toshewa ba, tana amsa ta da kyau cikin 'yan mintuna. Mai zuwa ya taimaka mana da barin abinci na awa 6 zuwa 8, ya bar wake da ƙosai da lemon kwalba tun daren jiya, ya zo da safe da ruwan shansa a hannu. Mai ciwon sukari ya tambayi likitansa yadda zai yi da maganinsa kafin ya zauna da yunwa. A watan azumi cikin mutane yakan zo mana a shirye, sai dai dabarar shan ruwa ba ta yiwuwa ga mai azumi, don haka wanda ba na gaggawa ba nakan ce ya dawo bayan salla, na gaggawa kuwa ya san rangwamen da addini ya yi wa maras lafiya. Abokan aikinmu masu turo mutane su ma su riƙa rubuta abin da suke zargi. Takardar da aka rubuta wa "hoton ciki" kawai daban take da wadda aka ce shawara da rama a ɗan shekara 60.

Mutum 15 zuwa 20 cikin 100 ne kawai ake samu dajin nasu na ciruwa a lokacin da aka gano, kuma tiyata ce kaɗai hanyar da ake sa ran warkewa. Idan dajin a ɓangaren kai yake, aikin da Allen Whipple ya bayyana a New York a 1935 ake yi: a cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da maɗaciya da ƙasan bututunta, wani lokaci har da wani yanki na tumbi, sannan a sake haɗa sauran da hanji. Babban aiki ne, a bi shi da maganin daji na wasu watanni. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan cikin gari, da likitocin fiɗa da sashen masu ciwon daji, mutane na zuwa daga Kebbi da Zamfara har da Ƙonni ta Nijar. Wanda nasa ba ya ciruwa ma akwai abin yi masa: a buɗe hanyar maɗaciya da ɗan bututu ko da tiyata, a ba shi ƙwayoyin narkar da abinci ya riƙa haɗiya tare da cin abinci don rage zawo da rama, a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin ba tare da tsoron wai zai saba ba.

Sigari na ninka haɗarin cutar kusan sau 2, kuma barinta na rage shi a hankali. Ƙiba da daɗaɗɗen kumburin fankiriyas da yawan shekaru suna ciki. Wajen mutum 1 cikin 10 akwai gado a lamarinsu, har da ɓacin ƙwayar BRCA2 da aka fi sani da sankarar mama, don haka gidan da cututtukan biyu suka maimaitu ya kamata su faɗa wa likita. Ciwon sukari kuwa ta fuska biyu yake shigowa. Wanda ya daɗe yana ɗan ƙara haɗari, amma wanda ya fi jan hankalina shi ne sabo: mutum ya haura 50, ba mai ƙiba ba, babu mai sukari a gidansu, kwatsam sukari ya hau yana kuma ramewa. Mafi yawansu ciwon sukari ne kawai, amma a cikin 'yan kaɗan dajin ne ya fara taɓa aikin insulin tun kafin shawara ta fito, kuma waɗannan su ne ake iya kamawa da sauran dama. Irin wannan mutum ya cancanci a duba masa fankiriyas da gangan, a rubuta faɗin bututun da milimita. Ya kuma adana takardar, ya tafi da ita duk inda za a sake yi masa hoto, domin bututun da yake milimita 2 bara ya koma 4 bana ya isa dalilin tura shi CT ko da ba a ga ƙullutu ba.